Yadda Za Ka Hana Ma'aikaciya Ajiye Aiki, Bisa Tafarkin Manaja Bong

Kai manaja, gyara zama. Idan kana da ma'aikacin da ya fara kallon ƙofa fiye da yadda yake kallon fuskarka, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ake maganin abin. Bi matakan nan a jere, kar ka tsallake ko ɗaya, na yi maka alkawari babu wanda zai bar sashenka sai wanda ka kora da bakinka. Na daɗe ina cin abinci da ba manajojin birnin Daegu shawara, kuma har yau ba wanda ya dawo da ƙorafi. Wasu dai sun daina gaishe ni a hanya, amma na san nauyin godiya ne ya yi musu yawa.

Da mutum ɗaya zan yi maka misali, Bong Man-ho, manajan sashen ciniki a wani kamfanin ƙera tukunyar dafa shinkafa ta lantarki. Ya ba hamsin baya, sanƙo ya ci rabin kansa, zuciyarsa fes, kuma ya yi imani har cikin ransa cewa yaransa na mutuwar sonsa. Duk da wannan so, sai ga shi suna ta zarewa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka Sol Mi-ran, wadda manyan dillalai ba sa ɗaga waya sai sun ga lambarta, ta same shi ta ce da an gama bikin kaka za ta ajiye aiki. Washegari Darakta Gu ya kira shi bene na sama, ya zuba masa shayi da hannunsa, abin da ba ya yi sai in zai yanka mutum. Ya gaya masa cikin murmushi cewa ranar da Mi-ran ta fita, ranar za a rushe sashen, shi kuma Bong a tura shi kula da siton kamfani a bayan gari, inda ya ji ana cewa akwai iska mai kyau.

Ka ga ke nan kujerar Bong a hannun matar nan take. Ga yadda aka yi.

Mataki na 1: Kar ka kuskura ka tambayi dalili

Lokacin da Mi-ran ta tsaya gaban teburinsa, hannu bisa hannu, ta ce dalilai ne na gida, bakin Bong ya buɗe zai ce wane irin dalili. Ya yi sa'a ya rufe shi. Ka koyi wannan. Duk wanda ya yi tambaya za a ba shi amsa, kuma manajan da ya matsa da tambaya yakan tarar da sunansa a cikin amsar.

Ni da kai muna iya sanin dalilin, tunda ba mu ne manajanta ba. Mahaifinta ya tsufa, mantuwa ta kama shi, a duniya fuskarta kaɗai yake ganewa. Da safe motar cibiyar kula da tsofaffi ta ɗauke shi, da yamma ta dawo da shi, kuma dole a sami wanda zai karɓe shi a ƙofar gida. Shi ke nan dalilin. Yanzu ka manta da shi kamar yadda Bong bai san shi ba, don ya fi sauƙin aiki.

Maimakon tambaya, ka nemi mataimakinka. Na Bong sunansa Tak, mutumin da ke fara dariya tun Manaja bai ƙarasa barkwanci ba. Tak ya karkatar da kai ya ce ai 'yan zamanin nan ƙauna suke nema, kuma da sun san tulin wadda Yallaɓai ke ɓoyewa a ƙirji da ba wanda zai motsa. Bong ya ji maganar ta zauna masa daram. Ya yanke shawarar daga ranar zai buɗe ƙirjin nan ya kwarara wa sashen ƙauna, ko suna so ko ba sa so.

Mataki na 2: Ka ciyar da su, amma ka riga su zaɓe

Shugaba uba ne, uba kuwa da ciyarwa aka san shi. Ka kwashi yaranka da rana ka kai su gidan abinci, ka zauna a tsakiyar tebur, ka buɗe hannuwa ka faɗi abin da Bong ya faɗa.

"Yau aljihuna ne. Kowa ya ci abin da ransa ke so, kar ku ji kunya. Ni dai a kawo min taliyar baƙin wake."

Taliyar baƙin wake ita ce mafi araha a gidan. Nan take za ka ga abin mamaki, ran kowa ya koma son taliyar baƙin wake. Mi-ran da idonta ya daɗe a kan hoton jatan lande ta rufe takardar a hankali ta ce ita ma haka. Tak ya ce shi tun yana yaro ba abin da ya fi so, har mahaifiyarsa kan yi masa tsiya.

Bong a aikin soja ya koyi cin abinci, kafin a ce wani abu ya share kwanonsa. Yana ajiye tsinkayen cin abinci kowa ya ajiye nasa, wasu da taliya a rataye a baki. Ya dubi teburin, ya ga kwanuka iri ɗaya, miya iri ɗaya a leɓen kowa, sai ya ji ƙwalla na neman zubo masa saboda irin wannan haɗin kai. Ya lura Mi-ran na ta leƙen wayarta a ƙarƙashin tebur, ya ce a ransa ga mai kishin dillalai. Hutun rana shi ne kawai lokacin da take samu ta kira cibiyar ta ji ko tsohon ya ci abinci.

Mataki na 3: Ka rushe katangar girma

Idan uba bai yi aiki ba, ka zama aboki. Wannan salon ni na koyar da shi a wata lacca, Bong na zaune a layin gaba yana gyaɗa kai. Ranar Litinin ya tara sashen ya sanar cewa an soke muƙami, daga yau ba Manaja ba Yallaɓai, kowa ya ce masa Yaya.

Ka san mutanenmu, harshen ƙaramin ma'aikaci ya gwammace ya karye da ya kira manaja Yaya. Amma umarni umarni ne, ba a kuma isa a koma wa tsohon suna ba. Sai suka daina kiransa kwata-kwata. Wanda ke son magana da shi sai ya je kusa da tebur ya yi tari. In bai ɗago ba, a ƙara wani. Ba a jima ba sashen ciniki ya cika da tari, har ofishin kula da ma'aikata ya aiko musu da kwalin takunkumi da takardar fatan samun sauƙi. Tak ne kaɗai ya yi ƙarfin hali, ya riƙa cewa Yallaɓai Yaya Manaja, yana rusunawa a kan kowace kalma.

Aboki kuma yana karɓar gyara, don haka ka kira taron faɗin gaskiya. Bong ya ce kowa ya fito ya faɗi aibinsa, ba zai riƙe kowa a rai ba. Tak ya miƙe da fuskar mai ta'aziyya ya ce shi zai faɗa ko da za a kore shi: aibin Yallaɓai shi ne yana kashe kansa da aiki, ba ya kula da lafiyarsa. A daidai lokacin Mi-ran ta ɗago kai, ta ja numfashi za ta yi magana. Amma Bong ya riga ya ciro hankici yana share ido, yana cewa ya gode, ya ji, zai gyara. Aka tashi taro.

Mataki na 4: Ka kai su dutse ranar Asabar

Babu abin da ke ɗaure zukatan ma'aikata kamar su wahala tare a ranar hutunsu. Ka sanar cewa za a hau dutsen Palgong da sassafe, kuma ka jaddada cewa ba tilas ba ne. Kalmar nan ba tilas ba ita ce ke kawo kowa.

Bong ya iso cikin jar riga da wando ruwan ganye, da sanduna biyu, da jakar da za ta ishi mai tafiyar wata guda. Ya shige gaba. Dokar dutse ita ce ba a wuce manaja, saboda haka samari masu jini a jika suka riƙa jan ƙafa a bayansa kamar masu rakiyar gawa. In ya tsaya shan iska, kowa ya dafa gwiwa ya hau haki don kar ya ji shi kaɗai ya gaji. Tak ya yi hakin da ya wuce misali har wata tsohuwa da ta zo wucewa ta miƙa masa kokwamba, ta ce ɗan nan in ba ka da lafiya me ya fito da kai.

Mi-ran ta zo, bayan ta roƙi wata maƙwabciya ta zauna da tsohon, roƙon da ta san ba za ta iya maimaitawa ba. A kan dutsen Bong ya matso kusa da ita, ya nuna mata birnin a shimfiɗe, ya ce ta dubi yadda komai ke zama ƙarami in mutum ya hau sama, har da matsalolin gida. Ta ce haka ne, Yallaɓai, sannan ta tuna ta yi tari. Ya tambaye ta ko ta sake tunani. Ta ce tun suna ƙasa take tunani. Bong ya ɗauki wannan a matsayin ci gaba, ya sa aka jeru aka ɗauki hoto kowa ya ɗaga dunƙulallen hannu.

Mataki na 5: Ka ce su tafi gida, kai kuma ka zauna

Wannan shi ne ƙashin bayan shugabanci, ka buɗe kunne. Ƙarfe shida na yi, kar ka ɗago daga kwamfuta. Ka ɗaga hannu ɗaya kawai ka ce su tafi abinsu, kar su jira ka. Ka faɗa da zuciya ɗaya, kamar yadda Bong ke faɗa. Babu wanda zai tashi, don tun kakanni ba a riga na gaba fita. Tak zai ce haba Yallaɓai, su tafi ina su bar ka, sauran kuma su buɗe aikin da suka gama tun azahar su zuba masa ido.

Wani lokaci Mi-ran kan rufe ido ta miƙe. Sai ta bi tebur-tebur tana ba da haƙuri, ta rusuna wa Manaja, ta fita da baya da baya. Da safe Bong, saboda tsabar kulawa, sai ya tambaye ta a gaban kowa ko jiya lafiya dai ya ga ta fita da wuri. Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Don haka yawancin ranaku zama take, tana tura wa direban motar tsofaffi saƙon roƙo ya bar mahaifinta a ƙarshen zagaye.

Za ka ce me Bong ke yi a ofis har duhu. Dalilinsa biyu. Na farko, Darakta Gu kan sauko da yamma ya zaga benaye, hannu a baya, yana duba kujerar da ke da mutum da wadda babu, kuma shi ma Bong bai isa ya riga Darakta fita ba. Na biyun ba ya faɗa. Matarsa da 'yarsa suna Kanada saboda karatun yarinyar, shi yana nan yana aika abin da ya samu. A gida ba mai motsi sai firji. Mutumin da ke sayar da tukunyar shinkafa ya daina dafa shinkafa, don ko ƙaramar tukunyar kamfaninsu ta fi cikin mutum ɗaya. In ya ɗago ya ga kawuna a sunkuye ƙarƙashin fitilu, sai ya ji kamar yana cikin iyali, ya ce bari a ɗan ƙara zama sannan a je a ci gasasshen nama tare. Bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ne murfin da ya rufe su ba.

Kar ka ji tausayinsa tukuna. Tausayi na ɓata tsari.

Mataki na 6: Ka tafi ba tare da ka tafi ba

Bikin kaka ya matso, Mi-ran ko gezau. Wata rana Bong ya hau rufin bene shan iska, ya ji wasu samarin sashensa biyu a bayan tankin ruwa, ɗaya na cewa shi ba ya son ƙarin albashi, ba ya son nama, burinsa a duniya ya ga ƙeyar Manaja tana fita da rana tsaka. Ɗayan ya ce ai sai dai a fitar da shi da kujerar. Maganar ta soke shi. Ya sauko bene a hankali, ya zo wurina.

Dabarar da na ba shi tawa ce, kuma har gobe ina alfahari da ita. Matsalar a fili take: dole yara su ga ka tafi, dole Darakta ya ga kana nan. To, ka raba kanka biyu. Jikinka ya tafi, kayanka su zauna.

Bong ya aiwatar da abin da kyau. Ya rataye rigar kwat a bayan kujera, ya ajiye tabarau a kan takardu, ya zuba shayi mai zafi. Sannan ya ƙara da nasa basirar. Kowa a ofis silifa yake sawa, takalman fita suna ƙarƙashin tebur, kuma kowa ya san muddin takalmin mutum na nan, mai shi na cikin ginin. Sai ya bar takalman a jere, ya sulale ta matakalar baya da silifa, ya tsallaka titi ya shige gidan wanka. Ya nutse cikin ruwan zafi har wuya yana murmushi, yana hango yaransa suna tururuwar fita, Mi-ran a gaba tana sa masa albarka. Abu ɗaya ya bari, bai gaya wa kowa ba, don ya san abin da ya shiga kunnen Tak ya isa bene na sama.

Lokacin tashi ya yi. Aka dubi kujera, ga riga. Tak ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya miƙe ya sanar da sashen cewa takalma na nan, Yallaɓai ya zaga ne. Da zagawar ta yi tsawo, ya ce to yana wurin Darakta. Da shayin ya huce, ya zubar ya sake zuba wani don kar Yallaɓai ya dawo ya tarar da mai sanyi. Darakta Gu ya sauko zagayensa, ya ga tururi na tashi, ya ga sashe cike ba wanda ya motsa, ya gyaɗa kai ya ce Bong namiji ne. Ka ga rabin dabarata ya yi aiki ɗari bisa ɗari.

Da mutum ne a kujerar, da Mi-ran ta nemi izini ta fita. Amma ba a neman izinin riga, kuma ba a fita a bayan idon manaja. Ta zauna, wayarta na ta rawa a kan cinya. Direban ya gama zagayensa, ya sake wani, daga ƙarshe ya ce shi ma yana da gida, ya bar tsohon a ɗakin maigadin benensu. Da ta karanta wannan saƙon sai ta miƙe, ta je gaban teburin Manaja, ta haɗa hannuwa, ta rusuna wa rigar kwat ta ce za ta riga shi tafiya. Ba wanda ya yi dariya. Ta tarar da mahaifinta a tsaye da jakarsa a ƙirji, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa, yana kuka yana gaya wa maigadi cewa 'yarsa ba ta makara, lalle mota ce ta buge ta.

Mataki na 7: In an gaya maka gaskiya, ka kalli taga

Komai iya shugabancinka, wata rana wani zai tsaya gabanka ya faɗi abin da ke ransa. Maganinsa sauƙi ne. Ka juya ka kalli taga, ka ce za ka duba lamarin, ka yi ta kallon tagar har ya gaji ya fita.

Bong ya shigo da safe fuska na ƙyalli, yana jiran godiya. Sai ya ga idanu jajaye, ya ga Tak na gyangyaɗi a zaune. Mi-ran ta zo, ba ta yi tari ba, ta ce tana son magana. Ta ce ba za ta jira bikin kaka ba, Juma'ar nan za ta tattara kayanta. Bong ya ce ai jiya ya tafi da wuri saboda su, saboda ita ma musamman, ya ba ta labarin silifa da matakalar baya yana jiran ta yaba. Ta dube shi ido cikin ido.

"Yallaɓai Manaja, ashe jiya riga na rusuna wa."

Daga nan ta gaya masa komai, motar tsofaffi, da direba, da ɗakin maigadi. Ta ce ba albashi ne ya dame ta ba, kuma ta gode da taliya da dutse. So take in lokacin tashi ya yi ta tashi, ba tare da ta bi tebur-tebur tana neman gafara kamar wadda ta yi sata ba.

"Amma kullum ina cewa ku tafi," in ji Bong.

"Kana cewa, Yallaɓai. A zaune kake cewa."

Ga taga nan a gefensa, babba, an goge ta tas. Bong bai kalli tagar ba. Ya tsaya yana kallon matar nan, kunnuwansa suka yi ja. A nan ɗalibina ya fara lalacewa.

Mataki na 8: Abin da ba a yi

Na sa wannan a jerin ne don ka gane shi ka kauce masa.

Ranan nan Bong bai ci abincin rana ba. Ya san abin da ke gabansa. In ya zauna, Mi-ran ta tafi, sai sito. In ya tashi a idon Darakta, to ya san irin rubutun da ake yi wa manajan da ke riga na gaba fita, kuma shekarunsa sun wuce na a yafe masa. Da ya zo wurina da ya samu mafita ta uku, amma bai zo ba.

Ƙarfe shida ya tura kujera baya. Ya cire silifa, ya jawo takalma, ya sunkuya yana ɗaure igiya a gaban kowa. Ya sa rigar kwat, ya ɗauki jaka. Tak ya yi wani ɗan tari da shi kansa bai san ma'anarsa ba. Kuma kamar an aiko shi, ga Darakta Gu a bakin ƙofa, hannu a baya, ya fara zagaye da wuri.

Bong ya je gabansa ya rusuna har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, zan riga ka tafiya."

Darakta ya dubi agogon bango, ya dubi takalman, ya dubi sanƙon da ke sunkuye a gabansa. Ya tambaya a hankali ko akwai inda ake jiran Manaja Bong da ya fi nan muhimmanci.

A nan ƙarya ke da amfani, kuma da ni ne da na ba shi guda goma: likitan haƙori, rasuwar kawu, dillali na jira a gari. Bong ya ɗago, gumi na bin wuyansa.

"Babu, ranka ya daɗe. Ni ba mai jirana ko'ina."

Ya sake rusunawa, ya ratsa ta gefen Darakta, ya danna maɓallin lif, na'urar hawa da saukar bene. Da ƙofar ta buɗe bai shiga ba, ya sa hannu ya riƙe ta, ya tsaya yana kallon cikin sashen. Lif ta yi ta ƙara tana son rufewa, ya ƙi saki. Mi-ran ce ta fara miƙewa. Ta ɗauki jakarta, ta gaida Darakta, ta wuce, ba ta ba kowa haƙuri ba. Sauran suka biyo ta a ɗarare, kowa na rusunawa a karkace. Aka bar Tak a tsaye tsakanin tebur da ƙofa, hannu ɗaya cikin riga ɗaya a waje, yana yi wa Darakta murmushi yana yi wa lif murmushi.

Juma'a ta zo ta wuce, Mi-ran ba ta tattara komai ba. Bikin kaka ya wuce, tana nan, sashen na nan, ba a tura kowa sito ba. Da aka yi ƙarin girma a ƙarshen shekara an tsallake Bong, kuma kowa ya san an tsallake shi ke nan har ya yi ritaya. Ya sani tun yana ɗaure igiyar takalmi.

A wancan yammacin na farko, da suka fito ƙofar kamfani, Mi-ran ta rusuna masa sosai, ta ruga ta kama bas. Samarin suka watse kafin ya buɗe baki ya ce ko za a je a ɗan ci wani abu. Ya tsaya a bakin titi da jakarsa, rana ba ta ko faɗi ba, mutane na ta wucewa kowa da inda ya nufa. Ya taka a ƙafa har gida don hanyar ta yi tsawo. Ya buɗe ƙofa, ya ce na dawo, kamar yadda ake cewa, sannan ya laluba bango ya kunna fitila. Washegari ƙarfe shida ya sake tashi, haka kuma kowace rana tun daga nan. Na ji tausayinsa, kuma ban ji daɗin jin hakan ba, don ba ya cikin manhajata.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin tari, ciwon gwiwa, ƙin jinin taliyar baƙin wake, ko ɓacewar silifa a gidan wanka. Matakai bakwai na farko nawa ne, kuma in ba su yi maka aiki ba, laifin yaranka ne da ba su san ƙauna ba. Na takwas ba da yawuna aka yi shi ba, ban koyar da shi ba, kuma cewa shi kaɗai ya yi aiki ba hujja ba ce a wurin masana. Duk wanda ya gwada shi ya riƙe ma'aikaciyarsa, ya rasa ƙarin girma da abokan cin abincin yamma, to ya nemi abin da zai yi da maraicensa, kar ya buga min waya. Bong na bugowa kusan kullum bayan an tashi, wai yana son shawara, alhali ba abin da yake tambaya sai ko na ci abinci. Tasa kaɗai nake ɗauka.